Yoyon Mota Mai Ɗaki

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce. Motopom muke ce masa a nan Magarya. Shekara ashirin da ɗoriya ina kwance su ina ɗaurawa a wata rumfar kwano da ke bayan kasuwa, kuma duk mai lambu daga nan har Waca ya san hanyar wurina. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni. Yanzu baya ya gaji, ido ya fara ragewa, in ƙaramin noti ya faɗi ƙasa sai na laluba da tafin hannu. Amma in aka ce in faɗi aikin da na yi wanda har yau in na tuna nake jin daɗi, ba injin ba ne. Bakin tankin ban-ɗaki ne na wata mota. Na san za a yi dariya. An riga an yi ta a gabana, ban mutu ba.

Motar ta wani Alhaji ce, sa'ana, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Shi ya bi fatauci tsakanin nan da Kano, Allah ya buɗa masa. Ni na bi baƙin mai. Mahaifinsa baduku ne, aminin mahaifina. Shi ya ɗinka gugar gidanmu, shi ya ɗinka takalmin da na fara sawa a ƙafa. Tun da namu ya rasu shi nake kira Baba, kuma shi kaɗai ne a garin nan yake ce mini "kai yaro" ga furfura a gemuna.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama. Bakin ya ɗan karkace, amma harshen yana nan da kaifinsa. Abin da ya fi ci masa rai ba rashin tafiya ba ne, tsuguno ne. Mutumin da ya riƙe gida shekara hamsin, sai an kama shi ta hammata a kan salga. Saboda haka ya daina zuwa ko'ina. Ya ce ba zai shiga motar kasuwa ba, a tsakiyar hanya ya ce a tsaya, fasinja na kallo ana ciccibarsa bayan geza.

Yana da yaya mace a wani ƙauye gaba da Dungas. Ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu. Ido ya tafi mata, ƙafa ma ba ta kai ta ƙofar gida. Shekara huɗu ba su haɗu ba. Ita ba ta iya zuwa, shi ya ƙi tafiya.

Alhaji ya je Kotonu sayen kaya, ya ga wannan mota cikin tsofaffin motocin da ake saukewa daga jirgi, ya saye ta. Ranar da ta shigo gari har masu shayi sun bar tebur. Gida ne aka ɗora wa taya. Akwai gado, akwai ɗan wurin dafa abinci, akwai famfo, can baya kuma wani ɗan ƙaramin ɗaki mai kujerar zama da ƙarfen kamawa a gefe. Saboda wannan kujera kaɗai Alhaji ya saye ta. Mutane suka sa mata suna mota mai ɗaki. Aka rushe wani gefen katanga aka shigar da ita tsakar gida, daf da ƙofar Baba, aka yi mata matakala da bulo. Baba ya riƙa jan jikinsa da sanda ya shiga, ya ja ƙofa, ya fito, ba wanda ya taɓa shi. Cikin wata biyu ya yi ƙiba. Ya fara maganar tafiya wurin yayarsa da bakinsa.

Yadda abin yake shi ne, akwai tanki a ƙarƙashin motar, duk ƙazantar can take taruwa. A bakin tankin akwai ƴar ƙofa mai zamewa da mariƙi. Ka ja mariƙin ta buɗe, ka tura ta rufe. Duk mako shofer, wato direba, yakan fita da motar bayan gari ya juye a rami.

Alhaji ya ce kafin doguwar tafiya a gwada gajera. Wata Jumma'a aka kai Baba masallaci, karo na farko cikin shekara biyu. Kun san yadda sahu yake fitowa har kan titi. Aka ajiye motar a gefe, aka sa masa kujera a bakin ƙofarta, mutane suka shimfiɗa tabarmi kewaye da ita don inuwa. Ina sahu na uku daga wurin. Ana cikin huɗuba na ga wani dattijo ya zabura ya ɗaga tabarmarsa. Sai na kusa da shi. Sai sahun duka. Wani baƙin ruwa ne yake ɗiga daga ƙarƙashin motar, ya yi hanya cikin yashi har ƙarƙashin tabarmin mutane. Wari ya biyo baya. Wasu suka ruga neman ruwa su wanke riga, wani ya riƙa tura ƙasa da ƙafa, wani da bai san Baba na ji ba ya ce, "Wa ya kawo mana masai masallaci?"

Baba ya ji. Ya yi sallarsa a zaune. Da aka koma gida ya ce shi da motar nan sun rabu. Bai rantse ba, amma wanda ya san shi ya san maganarsa ba ta neman rantsuwa. Ya koma ana riƙe shi a kan salga. Kuma don kada a riƙa riƙe shi da yawa, ya rage cin abinci. Tuwo loma uku, fura kurɓi biyu.

Kwana goma bayan nan Alhaji ya zo rumfata. Lokacin ƙarshen bazara ne, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma yana komawa.

"Injiniya, ka ji abin da ya faru."

"Akwai wanda bai ji ba?"

"Na kai ta garaji."

"Wannan ma na ji."

Na ji kuwa. Ɗaya daga cikin ƴan garajin ya ce a yi walda, aka ce masa roba ce ba ƙarfe ba. Ɗaya ya shafe wajen da kol, wato gam, ya naɗe da tsumman shambur, robar cikin taya, alhali yoyon ta ciki yake bi. Kuma duk cikinsu ba wanda ya kwanta a ƙarƙashinta. Daga tsaye suke miƙa hannu, fuska a waje.

Na ce, "Alhaji, ni ba mota nake gyara ba."

"Ruwa ne yake fita inda bai kamata ba. Ba aikinka ke nan ba?"

"Wannan kake kira ruwa?"

Bai yi dariya ba. Ya fito da salula ya kunna mini wani saƙo da aka aiko daga ƙauye. Muryar tsohuwa ce, tana magana tana hutawa. Ta ce a gaya wa ƙanenta in zai zo ya zo kafin ruwa ya sauka, don in ya sauka fadamar da ke gabansu ba ta ƙetaruwa. In kuma bai samu zuwa ba ya zauna abinsa, ta yafe masa.

Alhaji ya ce, "Gwaggo ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Da zagi take aikowa."

Na rufe injin da nake kai, na ce a kawo motar gobe da hantsi.

Ban taɓa kile, ƙarfen kwance noti, ba sai da aka wanke tankin. Na sa shofer ya kai ta wani fako bayan gari, nesa da rijiya, nesa da gonar kowa. Muka haƙa rami, na ja mariƙi, aka juye, muka binne. Daga nan muka matsa kusa da lambun wani mutum da na sha gyara wa injin, na roƙe shi ruwa. Ya ba ni tiyo ya koma can ƙarshen lambu yana ba ni shawara daga nesa. Na zura tiyon ta cikin kujerar, na cika tankin, muka koma rami muka juye. Sau biyar muna wannan kai da kawowa. A na uku na lura da wani abu. Bayan ruwan ya tsanye, sai ga yashi kwance a bakin ramin, mai laushi, ruwan toka-toka, ba irin jan yashin wurin ba. A na huɗu ya ƙara fitowa. Da za a tara, ya kusa tiya guda.

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Da farko na ɗaura leda a hannu, sai na ga ba na jin noti, na tuɓe na yar. Ba zan yi ƙarya ba, sau biyar ɗin nan ba su kashe warin ba. Kuma in ka kwanta rigingine a ƙarƙashin abu, duk abin da ya ɗiga a kanka zai ɗiga. Noti huɗu ne suke riƙe da ƴar ƙofar tsakanin bakin tanki da bututun fita. Biyu sun yi tsatsa, na jiƙa su da kalanzir na jira. Da suka fita na buɗa bututun kaɗan na zaro ta kamar yadda ake zaro allo daga cikin ƴan'uwansa.

Na wanke ta da sabulu na duba a rana. Abin ba wuya. Wani faifai ne na roba mai tauri yake zamewa tsakanin zobba biyu na roba mai laushi. In ya rufe, zobban su matse shi ta kowane gefe, ruwa ba ya wucewa. To yashi ya cika kwarin da faifan yake shiga, ba ya kaiwa ƙarshe. Kuma duk lokacin da aka ja aka tura, yashin yana cin zobban, har ya cinye leɓensu. Na murza shi a yatsa. Akwai toka a ciki.

Alhaji yana tsaye can da hankici a hanci, yana zagin wanda ya sayar masa. Na ce, "Bar bawan Allah. Yashi ne ya shiga."

"Yashi daga ina?"

"Muna Magarya kana tambayar inda yashi ya fito?"

Na bar shi a haka. Amma na san ba iska ce ta kawo shi ba. Da na yi wanka na sake kaya na yi azahar, na bi ta gidan lokacin da na san Alhaji ya tafi kasuwa. A gefen matakalar bulon nan na ga wani tsohon kasko da toka da yashi a ciki, da soson kaba. Na yi sallama. Matarsa ta amsa daga bayan labule.

"Hajiya, wa yake wanke ɗakin nan na mota?"

"Ni ce, Malam. Abin da ya shafi Baba ba na barin wani ya taɓa."

"Da me kike wankewa?"

"Toka da yashi mana. Sau uku a rana. Ba ka ga har sheƙi take yi ba?"

Na ga. Ko tukunyar amarya ba ta kai kujerar nan haske ba. Can na ji ta ce a hankali, "Ni ce ke nan."

Na ce, "Motar ce ba ta san garinmu ba. Can inda aka yi ta ba su san ana wanki da ƙasa ba. Daga yau sabulu da tsumma, shi ke nan."

"Alhaji ya sani?"

"Ya san yashi ne. Yashi kuwa ya yi yawa a garin nan."

Saura zobba. Alhaji ya kira mutanensa na Kano, suka zagaya inda ake sayar da kayan mota, babu. Aka ce sai an aiko daga waje, wata ɗaya ko biyu. Hadari kuwa ba zai jira wata biyu ba. Na ce zan yanka. Ba yau na fara yanka roba wa injin ba. Na samo shambur na babbar mota, mai kauri, na ɗora tsohon zoben na zana, na yanka da reza. Na ɗaura, na cika tankin da ruwa mai tsabta. Ɗis. Ɗis. Na kwance. Faifan in ya zo wucewa sai ya tokari bakin robar ya naɗe ta. Na nemo shambur mara kauri na sake yankawa. Wannan ba ya naɗewa, amma ba ya matsewa. Ɗis, ɗis, har ya fi na farko.

Kwana biyu ina wannan. Labari ya kai garaji. In na wuce sai in ji, "Ranka ya daɗe, Sarkin Salga! A kawo maka turare?" Mai shayin da nake zama wurinsa ya ware mini kofi. Matata ta ce in riƙa tuɓe kayan aikin a zaure. Duk wannan bai dame ni ba kamar ɗigon nan. Na riƙa jin sa a kunne ko ina cin abinci.

Rana ta uku na wanke ƴar ƙofar sau uku, na naɗe ta a tsumma mai tsabta da zobban da na yanka, na tafi gaida Baba. Ba shawara na je nema ba, ko kuma ban yarda a raina cewa ita na je nema ba. Na same shi a jingine, wuya ya rame, ga kwanon tuwo a rufe ba a taɓa ba.

"Kai yaro, an ce ka bar injin ka koma kwasar kashi."

"Naka ne, Baba. Ba na wani ba."

"Ka wahalar da kanka a banza. Ba zan shiga ba."

"Ban ce ka shiga ba. Aiki ne ya gagare ni na zo in huta."

Na warware tsumman na ajiye a gefen tabarma, ɓangaren hannunsa mai lafiya. Ya kau da kai. Muka yi maganar zafi, muka yi maganar tsadar gero. Can sai na ga hannun hagun ya miƙo. Ya ɗauki faifan ya bi shi da babban yatsa, ya tsaya a kan ƙarce-ƙarcen da ke jikinsa.

"Wannan gugar tukunya ce," in ji shi.

Ya dubi ƙofar da ke kallon tsakar gida, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ajiye faifan ya ɗauki zoben da na yanka. Ya juya shi, ya lanƙwasa, ya tsuke baki.

"Wa ya yanka wannan?"

"Ni."

"Da gatari?"

"Da reza, Baba."

"Ubanka ma haka yake, hannu kamar na mai faskare. Ka yanka shi a tsaye kamar katanga, ta ina abu zai hau? In za ka haɗa fata biyu ba a barin baki da kaurinsa. Kwantar da wuƙa ake yi a zaftare bakin, ya zo siriri, ya tafi yana kauri. Abin da zai wuce ya hau a hankali, sannan kaurin ya matse shi. Ɗaga matashin nan."

Na ɗaga. Wuƙar dukancinsa ce a naɗe cikin fata, mai faɗin baki, ƙotar ta yi baƙi da gumin shekaru. Ya sa aka kawo dutsen washi. Ni na riƙe dutsen, shi ya wasa da hagu, yana gwadawa a gashin hannuna. Aka kawo allon katako. Na yanka sabbin zobba daga shambur mai kaurin, sannan na kwantar da wuƙar. Na farko na huda shi. Ya ce, "Ka ƙara kwantar da ita, ba rago kake yankawa ba." Na biyu bakin ya fito da tudu da kwari. Abu ɗaya na sani wanda bai sani ba: roba ta fi yankuwa in wuƙa na jiƙe. Na tsoma ta a ruwa. Ya ce fata ba ta son haka. Na ce wannan ba fata ba ce. Ya yi tsaki, amma da ya ga yadda wuƙar ke tafiya ya bar ni na ci gaba. Na huɗu da na biyar ya bi su da yatsa kewaye, ido a rufe, sau biyu. Ya miƙo mini.

"Tafi. Ka dawo mini da wuƙata, ba kyauta ba ce."

Ban sa gires ba, gires yana kumbura irin wannan roba. Man kaɗe na saya a kasuwa na shafe zobban da faifan. Na goge ƙarce-ƙarcen faifan da takarda mai laushi, na sosa kwarin da tsinke har ba sauran ƙwayar yashi. Na mayar da ita wurinta. Notin huɗu ba a ɗaure ɗaya a gama a koma ɗaya. Kaɗan nan, kaɗan wanda ke fuskantarsa, ana zagayawa, kuma ba a sa ƙarfi don roba ce, in ta tsage an gama. Na ja mariƙin. Ya taho sumul. Na tura, na ji ya zauna.

Muka cika tankin da ruwa fal, aka kai motar gida aka ajiye a wurinta. Hajiya da kanta ta share ƙarƙashinta ta watsa busasshen yashi. Tun hantsi har la'asar. Ina zuwa ina leƙawa. Ko ɗigo.

Na je na gaya wa Baba. Ya ce, "A tsaye ko kwarya mai tsaguwa tana riƙe ruwa na ɗan lokaci. A girgiza ta."

Muka ɗauke ta muka bi hanyar jar ƙasa mai gargada, na ce wa shofer kada ya kauce wa rami ko ɗaya. Muka dawo aka sake ajiye ta a kan yashin. Baba ya sa aka fitar da shi a kujera. Ya ce a zura sandarsa ƙarƙashin bakin tankin a shafo. Aka shafo aka ba shi. Ya taɓa kan sandar, ya shinshina.

"Jibi," in ji shi. "Kuma kai yaro da kai za a tafi. In ta ɗiga, a bakinka za ka tara."

Hajiya tana tsaye daga nesa. Ya ɗaga murya yadda za ta ji: "A sa mini sabulu a ciki. Yashi a bar wa gona." Ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. A ranar ya cinye tuwonsa.

Muka tashi bayan an karya kumallo. Baba a kan gado, Alhaji kusa da shi, ni gaba da shofer da jakar kilena a kan cinya da wasu zobba biyu da na ƙara yankawa a aljihu. Kafin mu kai Dungas ya ce a tsaya. Ya ja sandarsa ya shiga ɗan ɗakin ya rufe. Mu muka fita muka tsaya a gindin gawo muna kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa. Da ya fito aka ci gaba, na ce yanzu ne gwajin gaske. Duk ƙauyen da muka ratsa sai na waiga ta madubi ina duba bayanmu. Sawun taya biyu kawai nake gani. A Dungas muka tsaya daf da masu tuyar ƙosai, mutane suka kewaye motar. Na durƙusa kamar mai gyara takalmi na leƙa. A bushe. Na ɗaga kai na ga Baba yana kallona ta taga. Na girgiza masa kai, alamar ba ɗigo. Ya saki labulen.

Bayan Dungas yashi ne zalla. Sau biyu muna kafewa, sau biyu muna sassauta iskar taya muna turawa. Fadamar da tsohuwar ta faɗa muka same ta a bushe, ta tsattsage. Muka isa ana kiran azahar.

An fito da tsohuwar zaure a kan tabarma, ƴar ƙarama, kamar za ka ɗauke ta da hannu ɗaya. Baba ya ƙi a riƙe shi. Ya sauko matakalar motar da sanda, yana jan ƙafa, mu muna gefe hannu a shirye. Ta ji ƙarar sandar ta ɗaga kai.

"Wane ne?"

"Ni ne, Yaya."

Ta miƙa hannu, ya zauna da ƙyar kusa da ita, ta laluba fuskarsa, ta kama kunnensa ta murɗa.

"Shekara huɗu, ɗan banza. Sai da na ce na yafe?"

Na fita na ba su wuri. Na samu rabin ƙauyen sun taru a inuwar motar. Tsofaffi sun shimfiɗa tabarminsu a gefenta, daidai saitin bakin tankin, za su yi sallah. Na buɗe baki zan ce su matsa. Sai na rufe. Na karɓi buta na yi alwala, na shimfiɗa buhuna a ƙarshen sahu, ni ne mafi kusa da ƴar ƙofar. Na yi sujada goshina bai fi taku biyu da ita ba. Ƙasar a bushe take, da ɗumin rana.

Kwana uku muka yi. Da za a juye tankin na haƙa rami da kaina can bayan gari, na binne. Ranar da muka dawo, da la'asar, muna shiga Magarya ruwan farko ya sauka. Tsohuwar ba ta ga kakar shekarar ba, ta rasu.

Zobban nan suna nan a jikin motar har yau, ban sake su ba. Ƴan garaji ba su daina kirana Sarkin Salga ba, ina amsawa. Wuƙar na mayar wa Baba washegarin dawowarmu. Ya karɓa, ya duba bakinta a haske, ya ce na dakushe masa ita.